Tsohuwar Land Cruiser 80 da sabuwar 300: wacce ta dace da hanyoyin Maraɗi?

A garejojin manyan motoci na Maraɗi an saba cewa tsohuwar kat-kat ba ta mutuwa, sabuwa kuwa kwamfuta ce aka ɗora wa taya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma tana jawo asara ta fuska biyu. Wani ya sayi tsohuwar da ta riga ta gama aikinta don kawai sunanta, wani kuma ya sayi sabuwa ya riƙa yi mata irin riƙon da ake yi wa tsohuwa har ya kashe ta. Don haka bari mu ɗauki biyu daga gida ɗaya mu auna su da man da muke samu, da zafinmu, da ƙurarmu, da makanikan da ke gabanmu. Ta farko ita ce Land Cruiser 80 mai injin gazuwal 1HZ, wadda Toyota ta ƙera daga 1990 zuwa 1997. Ta biyu ita ce 300 da ta fito a 2021 ta gaji 200, wadda kowa ya fi sani da V8.

Injin 1HZ silinda shida ne a jere, lita 4.2, babu turbo, wato abin da ke tura ƙarin iska cikin inji. Ƙarfinsa doki 129 ne, ƙarfin murɗawarsa kuwa 285 Nm, ga shi yana jan motar da ta haura tan biyu tun kafin a ɗora mata kaya. Injin gazuwal na 300 lita 3.3 ne kawai, V6 mai turbo biyu, amma yana ba da doki sama da 300 da 700 Nm, da giya otomatik mai hawa 10. Na esansi lita 3.5 ne, shi ma turbo biyu, doki sama da 400. A kan takarda lambobi ne, amma tsakanin Gidan Rumji da Ƙonni ake gane ma'anarsu, lokacin da tirelar albasar Galmi ke gabanka, wata kuma na tahowa daga nesa. Mai 300 yana taka totur ya wuce cikin ƴan daƙiƙu. Mai 80 sai ya ja baya ya ɗauko gudu, ya sauko giya ta huɗu, ya yi lissafin tazara da kyau, musamman in motar cike take da mutane ga kilim a kunne. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, domin wajen wuce babbar mota ake yin munanan haɗurra a hanyar Yamai.

Shan mai ma sabuwar ta fi sauƙi. A kwalta 80 mai lafiya tana shan lita 12 zuwa 14 a kilomita 100, 300 ta gazuwal kuwa 10 zuwa 12 in ba a matsa mata ba. Maraɗi zuwa Yamai wajen kilomita 660 ne, ka ga ratar ta kai wajen lita 13 a zuwa kaɗai. A cikin rairayi dukansu sha suke yi sosai.

To amma irin man da za su sha, a nan ne maganar take.

Pompon gazuwal na 1HZ na ƙarfe ne zalla, inji ne ke juya shi, kuma waya ɗaya tak ke zuwa gare shi, wadda ke buɗe mai in an murɗa makulli, ta rufe in an kashe. Anjektocinsa suna buɗewa a matsin da bai wuce bar 150 da ɗoriya ba. In ruwa ya shiga tanki, ƙasan filta yana da wurin tara shi, fitila ta kama a gaban direba, a kwance makunnin ƙasa ruwan ya zube, a danna ɗan pompon hannu da ke saman filta har ya yi tauri, a tayar a tafi. In datti ya toshe filta, motar za ta fara nauyi a hawa tana shaƙewa, ka canja filta a bakin hanya cikin minti 20. In anjekta ta gaji, hayaƙi ne zai gaya maka tun da wuri, a kwance su shida a kai wa mai gwaji, ya canja musu baki ya daidaita matsi. Duk wannan aiki ne da ake yi a Maraɗi ba tare da an jira kowa ba.

Sabon inji yana tara gazuwal ne a bututu ɗaya da matsin da ke kaiwa bar 2,000 ko fiye, kwamfuta na buɗe anjekta sau da yawa a bugu ɗaya. Ratar da ke tsakanin ƙarafan cikin pompon da anjektocin ta fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, kuma gazuwal ɗin ne kansa ke shafa musu maiƙo. Ruwa kaɗan in ya ƙetare filta sai ya kankare wannan maiƙo, tsatsa ta kama, pompo ya fara cin kansa, garin ƙarfe ya bi bututu ya shiga anjektoci shida, ragowar ya koma tanki. In abin ya kai haka, canja anjekta ɗaya ɓata kuɗi ne. Sai an canja pompo da anjektoci duka, an wanke bututai, an sauke tanki an wanke, sannan a shigar da lambar kowace sabuwar anjekta cikin kwamfutar motar da na'urar bincike. Lissafin miliyoyin sefa ake yi a nan, ba na jakunkuna ba. Kuma anjektar da ke ɗiga tana iya huda fistan kafin direba ya ankara.

Shi ya sa nake ganin mai 300 ba shi da hurumin tsayawa wurin ƴan ruwa-ruwa, ko da farashin ya fi sauƙi. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 ba a cika rasa gazuwal a gidajen mai na cikin gari ba. Matsalar tana cikin duro da jarka: duron da ya kwana a waje da damina, jarkar da aka taɓa zuba wani abu a ciki, mazurarin da ke ajiye a ƙasa cikin ƙura, da gazuwal ɗin da aka sirka da kananzir. A sha mai a gidan mai da ke da ciniki, wanda mansa ba ya daɗewa a rijiya, kuma kada a sha a daidai lokacin da tanka ke saukewa, don a lokacin dattin ƙasan rijiya yake tashi. Mai shiga daji ya tafi da mansa a jarkarsa ta ƙarfe mai tsabta, ya ƙara wa motar filta ta biyu mai raba ruwa, ya riƙe filta ɗaya sabuwa a mota. Fitilar ruwa in ta kama a tsaya nan take, ba sai an isa gari ba. Kada mai 80 ya ɗauka shi wannan bai shafe shi ba. Pomponsa ma gazuwal ne ke shafa masa maiƙo, kananzir yana cinsa. Sai dai shi a hankali yake ci, yana ba da alama wata da watanni: wahalar tashi in inji ya yi zafi, raguwar ƙarfi, ɗigar mai a jikin pompo.

Akwai wani tarko ga masu sayen ta hannu. Motar gazuwal da aka ƙera wa Turai a shekarun nan, Prado ce ko V8, tana da tukunyar tace hayaƙi a salansa, DPF. Tukunyar tana tara toka baƙa, sai ta kai zafin kusan digiri 600 a doguwar tafiya take ƙone ta. Motar da aikinta daga gida zuwa ofis zuwa babbar kasuwa ne ba ta samun wannan, sai tukunyar ta toshe, kwamfuta ta rage wa inji ƙarfi. Kafin a biya kuɗi a tambayi wace kasuwa aka ƙera wa motar.

Zafi kuma shi ne maƙiyin tsohuwar. A Afrilu da Mayu, da rana ta haura digiri 40, 1HZ da ke jan kaya cikin rairayi a giya ta biyu yana aiki ne a bakin iyakarsa. Kan injin, wato kilas, yana da ƙananan ɗakunan ƙuna, kuma daga bakinsu yake tsagewa in ya tafasa sau ɗaya ko biyu. Abin da ke ruɗin direbobi shi ne allurar zafi ta 80 tana zama a tsakiya ko da zafin yana hawa, ba ta motsawa sai abu ya yi nisa. Ya kamata a ƙara mata agogon zafi na daban mai nuna lamba. Abubuwa uku ne suka fi kawo tafasa. Na farko radiyatar da ruwan rijiya ya toshe da gishiri daga ciki, ƙaiƙayi da ƙwari suka toshe daga waje, musamman tsakaninta da radiyatar kilim inda ido ba ya gani. Na biyu kan fanka, wanda ke da man silikon a ciki. In man ya tsiyaye fanka tana juyawa amma ba ta jan iska. Gwajinsa shi ne a kashe inji yana da zafi a tura fankar da hannu, in ta yi ta juyawa sakaka to ta mutu. Na uku murfin radiyata da ya saki. Cire tamostat da wasu makanikai ke yi ba ya maganin ko ɗaya daga cikin ukun, ɓoye cutar kawai yake yi, kuma da sanyin hunturu injin ba ya kai zafin aikinsa. Wanda kuma aka ba shi shawarar ɗaura wa 1HZ turbo don ya ƙara gudu, ya sani ba a gina fistan da kilas ɗinsa don haka ba, kuma a zafinmu tsagewa ce ƙarshensa.

Juyen baƙin mai na 1HZ kusan lita 10 ne na 15W-40, kowane kilomita 5,000, da filta. Bel ɗin taimin a canja shi a kilomita 100,000 tare da abin ɗaure shi, ko da fitilar T-BELT ba ta kama ba, domin a tsohuwar mota ba ka san wa ya taɓa agogon ba. In ya tsinke fistan zai daki bawul. Ita 300 sarƙa gare ta, babu wannan aikin, amma mai take so tsinkakke irin wanda littafinta ya rubuta, 0W-20 ko 5W-30. Zuba mata mai kauri wai don ƙasarmu da zafi kuskure ne, don hanyoyin man cikin turbo ƙanana ne. Bayan doguwar tafiya a bar ta ta yi minti ɗaya ko biyu a kunne kafin a kashe, turbo ya huce.

Ƙurar hunturu kuwa ba ta bar kowa ba. Gidan filtar iska na 80 zagaye ne, yana murɗa iska, ƙura mai nauyi ta faɗa wani ɗan kofi a ƙasa. A zubar da kofin kullum in ana tafiyar daji, filtar kuma a busa ta daga ciki zuwa waje. A sabuwa abin dubawa shi ne bakin murfin, ya zauna daidai, maƙallansa duka su kama. A cire bututun da ke bayan filta a shafa yatsa a ciki. In yatsa ya fito da jan gari, ƙura tana wucewa, kuma tana cin fukafukin turbo da zoben fistan, tana ɓata sansar da ke auna iska. Filtar jabu mai kwalin asali ta cika kasuwa, roban bakinta ba ya zama daidai, kuma ita ce ke jawo mafi yawan wannan.

Yanzu mu sauka daga kwalta, mu nufi arewa, bayan Dakwaro zuwa Barmo da Gadabeji, ko ƙauyukan Mayahi. Ƙafafun 80 na gaba a kan pon ɗaya suke, wato sandar ƙarfen da ke haɗa taya biyu, na baya ma haka, da sifirin nannaɗe. In taya ɗaya ta hau tudu pon ɗin gaba ɗaya yake ɗagawa, cikin motar ba ya dukan ƙasa, kuma abubuwan da za su lalace kaɗan ne. Rauninsa yana a ƙwallon da ke ƙarshen pon na gaba, inda taya ke juyawa. Akwai sil a ciki da ke raba man pon da giris ɗin ƙwallon. In ya saki, su biyun suna gaurayewa, sai ka ga baƙin kunu yana tsiyaya a bayan taya. Daga nan sai ƙas-ƙas in an karya kan mota, sai rawar sitiyari. Gyaran yini ɗaya ne: a kwance gefe biyu, a wanke, a canja sil da rulma na sama da na ƙasa, a cika da giris baƙi mai moli. A duba shasi kuma daidai inda akwatin sitiyari ya ɗauru, yana tsagewa a nan a motocin da suka sha gargada.

Gaban 300 kowace taya da hannunta, shi ya sa take lafewa a kwalta, kuma gargadar jar hanya ba ta kai wa fasinja kamar a 80. Tana da tsarin da ke karanta irin ƙasar da ake takawa, da wanda ke tafiyar da ita a hankali in ta kafe har ta fito da kanta. Direban da bai ƙware ba zai fi nisa da ita a rairayi fiye da 80, wannan gaskiya ne. Abin da ke kayar da ita taya ne. Masu tsadar suna zuwa da janti 20 da taya 265/55, gefenta gajere. A rairayi dole a rage iska zuwa kilo 1.2 ko 1.5 don tayar ta baje. Tayar 80 mai janti 16 tana da tsawon gefen da za ta ɗauki wannan, mai janti 20 kuwa ba ta bajewa sosai, kuma kututture ɗaya ya isa ya yanka gefenta ko ya lanƙwasa jantin. Ga ƙayar aduwa. Mai faci a Dakwaro yana da abin da zai yi da taya 16, amma samun taya 20 a can wahala ne. Wanda zai shiga daji da 300 ya nemi mai janti 18 ko ƙasa da haka, ya tafi da safaya biyu da pompon iska.

Da damina in an ratsa ruwa, a Gulbin Maraɗi ne ko Gulbin Kaba, dukansu santimita 70 ne iyakarsu, kuma ruwa mai gudu ba a gwada shi da kowace mota. Bayan an fito a kwance makunnin pon a duba man. In ya koma fari kamar madara, ruwa ya shiga ta bututun numfashi, a juye shi ranar. Sabuwar tana da ƙarin abin tsoro, wato kwamfutoci da mahaɗan waya da ke ƙasa-ƙasa. Ruwan da ya shiga cikinta yau, sai bayan wata biyu fitilu su fara kamawa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai abin da masoya tsohuwa ba sa son a faɗa, ni kuwa ina ganin ya fi duk sauran nauyi. Yawancin 80 masu 1HZ da ke yawo a nan ba su da jakar iska ko ɗaya, ba su da birkin ABS, ba su da abin da ke hana mota juyawa in ta kwashe. Doguwa ce, in an ɗora kaya a rufinta nauyinta yana komawa sama, kuma tayar baya in ta fashe a gudun 110 direba ne kaɗai zai cece ta. Jikin da mutane ke yabo wai ƙarfe ne ba ya lotsewa, to in bai lotse ba dukan yana isa ga na ciki. 300 da aka cika wa kaya tana zuwa da jakar iska 10, gabanta an yi shi ya naɗe ya shanye duka, kuma kwamfuta tana taka birkin taya ɗaya-ɗaya ta daidaita ta kafin direba ya gama firgita. Ga wanda yake ɗaukar iyalinsa zuwa Yamai ko Damagaram duk wata, wannan kaɗai ya isa hujja.

Farashin wannan kariya yana fitowa ranar gyara. Rufi da ƙofofi da bonet ɗin 300 na alminiyam ne, ba a buga su a yi musu walda kamar na 80. Gilashin gaba yana da kyamara a bayansa, gaban motar yana da rada, in an canja su sai an saita da na'ura. Kafin a yi walda a jikinta a cire batir, kuma kuskuren haɗa waya wajen tayar da ita da batirin wata mota yana iya ƙona kwamfuta. Manyan ayyukanta sau da yawa sai an kai ta Yamai ko Kano, kayanta kuma sai an yi odar su an jira. Da iyakar Benin ta rufe a 2023 kayan da ke zuwa ta teku suka koma zagayowa ta Lome, jiran ya ƙaru. Kayan 80 kuwa daga garejojin gari zuwa Ƙofar Ruwa ta Kano babu wanda za a rasa, sai dai a yi hattara da jabu.

Sai dai a tuna 80 mafi ƙuruciya ta kusa shekara 30. Roba, waya, tiyo, bututun birki, duk sun tsufa ko da injin yana da rai. Wanda aikinsa daji ne, mai sayen dabbobi ko hatsi a kasuwannin ƙauye, ko mai kai ma'aikatan lafiya rugage, ni 1HZ zan ce ya nema, amma ba lallai a jikin 80 ba. Akwai 105 da aka ƙera daga 1998 zuwa 2007 da inji ɗaya da pon iri ɗaya, akwai kuma 78 da 79 da ƙungiyoyin agaji ke aiki da su, waɗanda aka ci gaba da ƙera wa Afirka da 1HZ har cikin shekarun nan. Wanda kuma aikinsa kwalta ne, yana da halin riƙe sabuwa amma yana tsoron sha'anin mai, akwai 300 mai injin esansi lita 4.0 marar turbo da giya 6, wadda ake kawowa kasuwannin Afirka da ƙasashen Larabawa. Ba ta da gudun sauran, ta fi shan mai, amma ta fi su haƙuri.

Mai sayen tsohuwa ya je da sassafe, kafin a tayar da ita, ya taɓa injin ya tabbatar da sanyi yake. Ta tashi a bugu ɗaya bayan fitilar buji ta mutu, farin hayaƙin ya ɗauke cikin ƴan daƙiƙu. A buɗe murfin radiyata tun tana sanyi a bar ta tana aiki: kumfa mai fitowa ba tsayawa alamar kilas ce ko gasket. In ta yi zafi a buɗe murfin baƙin mai a ɗora shi a bakin ba tare da an murɗa ba, in hayaƙi yana tunkuɗe shi zobe ya gaji. A sa makanike ya auna matsin silinda shida ta ramin buji: sabon 1HZ yana ba da kilo 37, ƙasa da 27 sai an sauke shi, kuma ratar da ke tsakanin silinda da silinda kada ta wuce 5. A sa giyar daji a ji ta shiga ta fita, a leƙa ƙarƙashi a nemi walda a shasi, a gwada lambar shasin da ta takardun duwan harafi da harafi. Mai sayen 300 ta hannu kuwa kada ya biya sai an ɗaura mata na'ura an karanta laifuffukan da ke ajiye da lambobin gyaran anjektoci, an kuma kwance filtar gazuwal an juye abin da ke ciki a farin kwano, an duba shi a rana ko akwai ƙyallin garin ƙarfe.